Shingen da Muka Sare: Waiwaye a Kan Garkunan Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, in dai ya ba hamsin baya, zai shaida cewa yanzu ido ya fi cin nisa. A da matafiyi ba ya hango abin da ya wuce 'yan gonaki kaɗan. Ko gawo ya tare masa gani, ko ɗorawa, ko shingen aguwa, ko jerin gamba da aka bari a kan iyaka. Yau kuwa da rani sai ka tsaya a bakin titi ka hango kwanon rufin ƙauyen da ke can nesa, babu abin da ya gitta sai 'yan itatuwan bedi da tsofaffin kukoki da aka sassare wa rassa. Noma dai bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don filin da ake bari ya huta ya ƙare, noman rani kuma ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Abin da ya ragu shi ne duk wani mai rai da ke zaune a gona ba tare da manomi ya shuka shi ko ya kiwata shi ba: ciyayi, ganyaye, ƙwari, tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Kakanninmu ba su zauna sun lissafa su ba, amma a cikinsu suka yi noma, kuma da taimakonsu suka ci suka ƙoshi.

Garkar kakana tana bakin wani rafi ne a ƙasar Kurfi, irin rafukan nan da ke cika su tumbatsa da damina, da rani kuma su koma yashi, sai an tona a iske ruwa. Abin da ke fara tarbar mai zuwa shi ne shingenta. Aguwa da cin-da-zugu da dashi aka kakkafa tun kafin a haife mu, aka cike tsakaninsu da ƙayar magarya saboda awaki. Shekara da shekaru shingen ya yi kauri, yaɗiya ta haye shi, garahuni ya bi, soso da duma suka nannaɗe. A ƙarƙashinsa bushiya ke kwana, ƙadangaru na kai da komo, hawainiya na tafiyarta ta ƙasaita. In ka shiga ciki sai fangali a jere: albasa, barkono, gauta, alayyafo da tumatir ɗan gida mai tsami. Can gefe ga ɗan rake da rogo, a bakin rijiya kuma zogale da lalle da lemun tsami. Tun asuba jigo ke kuka, ruwa na bin 'yar magudana daga wannan fangali zuwa wancan, kwaɗi sun kafa sansani inda laima take.

A jikin bukkar da yake ajiye hauya da guga, zanzaro ya gina ɗakunansa na laka. Yaro ba ya ganin irin wannan ya ƙyale. Wata rana wani ɗan'uwana ya sa tsinke ya fasa ɗaya, sai ga tsutsotsi kore shar sun zubo a sanƙare, ba su mutu ba, ba su kuma iya motsi, irin dai waɗanda ke huda ganye a fangali. Ashe zanzaron ne ya kamo su, ya harbe su, ya cusa a ciki don 'ya'yansa su samu abin ci in sun ƙyanƙyashe. Kaka ya ɗaga kai daga bakin rijiya ya ce, "Kai, 'yan nan, ku bar mini 'yan ƙwadagona. Su kaɗai ke yi mini aiki ba su tambayi lada ba."

'Yan ƙwadagon nan kuwa suna da yawa, kowa da aikinsa. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da kwaɗo ƙwari suke ci dare da rana. Mujiya, duk da baƙin jininta, ita ke rage ɓerayen da ke ɓarna a gona da rumbu. Buzuzu na binne kashin shanu, gara na jan kara da ganye zuwa cikin ƙasa ta bar ramukan da ruwan sama ke bi ya nutse. Kabewa da duma da gurji da kankana suna da fure namiji da fure mace daban-daban, kuma ba su yin 'ya'ya sai ƙudan zuma ko wani ƙwaro ya ɗauko garin wannan ya kai wa wancan. Furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, jemagu ne ke bin su suna shan zaƙi suna yin barbarar. Mai ƙyamar jemage da zai bi sawun daddawar da ke cikin miyarsa, da ya iske ta faro ne daga bakin jemagen. A duniya ma haka abin yake: rahoton da kwamitin masana na IPBES ya fitar a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar da ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke yi.

Gonar damina ma a cakuɗe take. Gero da dawa a kunya, wake da gyaɗa a tsakani, riɗi da yakuwa da rama a gefe, kabewa na yaɗo a gindin suri. Saiwar wake da ta gyaɗa na da 'yan ƙulle-ƙulle da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su bar wa ƙasa, ganyensu kuma na rufe ƙasa ya hana ta bushewa da wuri. A tsakiyar gona ga gawo, itacen da ya saɓa wa kowa: da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi tsayi da zangarniya. In an gama girbi sai makiyaya su sauko su yi mashekari a gonar, shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar taki, mai gona ya ba da dami, a sha nono, a rabu da sa albarka. A kan iyaka kuma gamba ke tsaye, tana riƙe ƙasa daga zaizayar ruwa, tana ba da zana da jinka, tana kuma raba gardamar maƙwabta.

Baƙin da suka zo da alƙalami sun tarar da hikimar abin. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa, nan kusa da mu, ta bayyana a littafinta na 1972 yadda ake noma gonakin karkara kowace shekara ba hutu, taki na riƙe da su. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma, David Norman ya bi manoman ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1960 yana auna abin da suke samu. A lokacin malaman gona na ta kira da a riƙa shuka iri ɗaya a gona ɗaya. Sakamakon da ya wallafa a 1974 ya nuna cewa cakuɗa shuka ya fi kawo amfani a fili guda, kuma ya fi tsare manomi daga faɗuwa, domin in wannan ya ƙi wancan zai yi. Wato abin da ake yi wa kallon rashin wayewa lissafi ne na mutanen da suka san damina ba ta da alƙawari.

To, me ya faru? Ba rana ɗaya aka sare shingen ba, kuma ba mugunta ce ta sare shi ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi, suka tura mutane sayar da itacen girki don su ci. Jama'a ta ƙaru: ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Dutsin-Ma kusan mutum 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000, kuma tun daga nan an haifi waɗanda yanzu su ma magidanta ne. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai ta zama gadon mutum goma. Wanda rabonsa bai fi 'yan kunyoyi ba, da wuya ya yarda ya bar taku biyu ga gamba ko aguwa. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 da juyin noma na zamanin Shagari, takin zamani mai rahusa ya shigo, har aka fara ganin jigilar takin gida a kan jaki wahala ce ta banza. Garmar shanu da tarakta kuma ba su shiri da kututture, don haka sassabe ya koma tumɓukewa da ƙonewa.

Ruwa ma ya sake hali. A 1983 aka kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 170, da niyyar ban-ruwan hekta 8,000 da shayar da birnin Katsina. An daɗe ana jiran cikar wannan niyya, don sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. Amma mutanen Makera da Garhi da maƙwabtansu ba su zauna jira ba, sun bi bakin ruwan da injinansu. Shirin Fadama na farko, wanda ya soma a 1993, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa mai shan fetur a fadamun Arewa. Jigo ya kwanta dama. Garkar da ke ciyar da gida ta zama lambun kasuwa, kadada guda tumatir zalla, ko albasa zalla, ko tattasai, ana jiran motar da za ta kwasa zuwa Kudu.

Dole a faɗi gaskiya a nan: wanda bai taɓa jan jigo ba shi ke yabonsa. Aiki ne mai karya ƙugu, kuma abin da mutum zai shayar a yini inji na gamawa kafin hantsi. Kuɗin tumatir da albasa sun gina gidaje, sun aurar da 'ya'ya, sun kai mutane Makka. Haka ma maganin ciyawa. Noman firi da maimai su ne suka fi cin kuɗi da ƙarfi a damina, ga samari sun tafi makaranta ko ci-rani ko acaɓa. Magidancin da ya rage shi kaɗai a gona, in ya ga kwalba ɗaya za ta yi masa aikin mutum biyar, babu mai ganin laifinsa. Je ka kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma gab da faɗuwar damina ka ga yadda kwalaben maganin feshi ke jere a kan tebura, masu saye na tambaya, "Wanne ne mai ƙonewa nan take?"

Sai dai kwalbar ba ta san tafasa ba, ba ta san ƙuduji ba, duk ɗaya ne a wurinta. Abin da namiji ke kira ciyawa, a wurin mace cefane ne. Tafasa, lalo, gasaya, karkashi, zaƙi-banza, yaɗiya, babu wanda ake shukawa, amma su ke riƙe gida a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Da su ake kwaɗo da dambu da miya, da su tsofaffi mata ke samun na goro da na sabulu, ragowar a shanya don rani. Wata gwaggona da ta tsufa a kan wannan sana'a ta ce da ni, "Ɗana, a da in na fita da ƙwarya ba na wuce bayan gari. Yanzu ko na ga tafasa ta yi kyau a gefen gona, sai na nemi mai gonar na tambaye shi ko ya yi feshi." Wannan asarar ba ta shiga littafin kowa, domin abin da ba a saya ba, ba a lissafa shi ranar da ya ɓace.

Maganin ƙwari kuma ya fi yi wa masu taimako illa a kan masu ɓarna. Dalilin a fili yake. Ƙwaron da ke cin ganye yana da yawa, yana hayayyafa cikin 'yan makonni, kuma a cikin dubbansa ba a rasa 'yan kaɗan da maganin bai kashe ba. Su ne za su haifi na gaba, masu taurin kai irin nasu. Masu cin sa kuwa, su zanzaro da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi, ba su da yawa kuma ba su saurin hayayyafa. Feshi ɗaya ya share su, ƙwaron ɓarna ya dawo ya tarar babu mai tare shi, ga abinci iri ɗaya shimfiɗe iya ganinsa. Sai mai lambu ya ƙara ƙarfin magani, ya haɗa biyu ko uku a jarka ɗaya, ya matso da ranakun feshi. Za ka ga yaro goye da injin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa ta jiƙe sharkaf daga kafaɗa zuwa ƙugu, in ya gama ya wanke jarkar a ruwan da ake kamun kifi.

Shekarar 2016 ta nuna mana iyakar wannan hanya. Tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta auka wa lambunan Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa. Tana shiga cikin ganye da cikin 'ya'yan ta ɓuya inda feshi ba ya kai mata, ga ta da saurin sabawa da magani. Gwamnatin Kaduna har dokar ta-ɓaci ta ayyana a kan tumatir a watan Mayun shekarar. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Najeriya, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, kuma waken da suka ƙi shi muke dafawa. Maganin ciyawa mai paraquat, wanda Turai ta haramta tun 2007, sai daga 2024 hukumar NAFDAC ta sa haramcinsa ya fara aiki a nan. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

A sama ma an yi sauyi. Ungulu, wadda a da ke cika mahauta da bakin kasuwa tana share mushe, yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ba. Guba da farautar masu sayar da sassan jikinta sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Fakara da zabon daji sun ja da baya tun da sabara da geza suka ƙare. Masu ɗaura amya na kukan zuma ta yi wuya. Ƙirya da marke sun tafi a buhunan gawayi. Kanya, ɗinya, tsada, taura, ɗanya, waɗanda yaron ƙauye ke cika aljihu da su kyauta, sun zama abin saye a faranti. Bedi, wanda aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, ya rufa mana asiri da inuwa da itace da magani, amma itace ɗaya ba ya maye gurbin ashirin, kowanne da lokacin furensa da tsuntsunsa da ƙwaronsa.

Sai kuma masifar da ta fi duka, rashin tsaro. Tun da dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa, da na yammacin Kurfi da Dutsin-Ma, suka rasa barci. Gonakin nesa sun gagara, kowa ya matso kusa da gari, filin da ke nan aka ƙara matsa masa. Mafi muni, amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni, alhali yawancin makiyayan su ma abin ya ci su, an kore musu shanu. Mashekarin kaka ya yi wuya, takin da ke zuwa gona da ƙafarsa ya daina zuwa. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, ga tsadar takin zamani, sai lissafin ya fito fili. Mai lambun yau sayen ruwa yake yi da fetur, ya sayi ƙarfin ƙasa a buhu, ya sayi kariya a kwalba, ya sayi iri a gwangwani. Kwandunansa sun fi na kakansa yawa nesa ba kusa ba, amma in ya fitar da abin da ya kashe, sau da yawa sai ya iske dillali da mai shago ya yi wa noma.

Ba sai mun je nesa neman mafita ba, tana nan arewa da mu, wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fayau, iska na binne shuka da yashi, itatuwan da ake dasawa kuma yawancinsu na mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gona, waɗanda ake sarewa kowace bazara, toho ne na kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: maimakon a share duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kai ga laima, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Abin ya kankama ne sosai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan taki.

Mu a Katsina mun fi ba da ƙarfi ga dashe. Tun 1987 aka yi shirin dasa itatuwa da taimakon ƙasashen Turai, ga kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Sun yi amfaninsu. Amma kowa ya san makomar dashen da aka yi ranar biki aka watse, ba mai ba shi ruwa, ba mai kare shi daga akuya. Kututturen kalgo da na sabara da na gawo kuwa suna nan a gonakin Birchi da Wurma da Karofi da Shema, kowace shekara suna toho, kowace shekara muna sa musu gatari.

A lambu ma gyaran ba ya bukatar rance. A bar taku ɗaya a kewaye ba feshi, a mayar da shinge mai rai, a sa zogale da lalle da magarya a ciki, su ma abin sayarwa ne. A raba lambun, kada ya zama tumatir daga farko har ƙarshe, kuma kada a maimaita shi a wuri ɗaya shekara bayan shekara. A ƙyale 'yan albasa da karas su yi fure, don furensu na jawo ƙananan ƙwarin da ke kashe tsutsa, ga iri a samu. Kafin a ɗauki injin feshi a duba ganye a ga ko ɓarnar ta kai a kashe mata kuɗi. In ya zama dole, a yi da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma, a kuma guji lokacin fure. 'Ya'yan bedi da ke zube a ko'ina, in aka daka aka jiƙa aka tace, suna hana ƙwari da yawa cin ganye. Wake kuma buhun nan mai ninki uku na PICS yana tsare shi ba tare da ko ɗigon magani ba, don iska yake hana wa ƙwaron.

Akwai masu cewa shinge maɓoyar maciji ne da ɓera, itace kuma masaukin jan-baki ne mai cinye gero. Da gaskiyarsu, kuma a wannan zamani duhuwa kusa da gida na da wani abin tsoron daban. Amma shingen da ake datsewa ya tsaya iya ƙugu ba duhuwa ba ne, kuma jan-baki bai taɓa fasa zuwa gona don babu itace a cikinta ba. Rabon tsuntsu dai tun asali yana cikin lissafin manomi Musulmi. Hadisi ingantacce da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da Musulmi ya dasa ko ya shuka, sadaka ce a gare shi. Malamanmu na da abin faɗa a kan wannan a huɗubar Juma'a gab da damina.

Cikin gari ma da nasa rabon. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 garin ke faɗaɗa, gonakin bayan gari na zama filoti, sabon gida kuma ba ya cika sai an malale tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango. Ruwan alwala kaɗai ya isa ya rayar da zogale da lemun tsami da gwanda da 'yan buhunan alayyafo. Jami'ar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kuma suna da aikin da babu mai yi musu: su tura ɗalibai wajen tsofaffin mata da tsofaffin masu garka, a rubuta sunan kowane ganye da inda yake fitowa da yadda ake sarrafa shi, a tattara irin gero da dawa da wake na gida a adana tun masu saninsu na raye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Abu ɗaya ne mutum ba zai iya shi kaɗai ba. Iyaka ta mutum biyu ce. In ka bar gamba maƙwabcinka ya sa mata wuta, ka yi aikin banza. In ka daina feshi lokacin fure shi bai daina ba, iska za ta kawo maka nasa, kuma ƙudan zuman da ke yi maka barbara su ne ke yi masa. In ka raini gawo wani ya zo da dare ya sare, baɗi ba za ka sake ba. Saboda haka maganar ta wuce ta malamin gona da manomi, ta koma ƙofar mai unguwa da dagaci, har zuwa fadar Yandaka a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi. Mutanen da suka iya haɗa gayya, suka iya haɗa kuɗin sintiri, ba za su kasa zama kafin sassaben bana su yanke magana uku ba: kututture nawa kowa zai bari a gonarsa, wace iyaka ce ba a ƙonewa ba a yi mata feshi, kuma mene ne hukuncin wanda ya sare itacen da wani ya raina.